Abin da Ke Cikin Jakar Ummaru

Shekara tara ke nan, a wannan wata na Zulƙida, tun ranar da aka kashe ɗana a mashigin jirgi da ke ƙasa da garinmu, a ƙasar Bagudo. Zan fara da waɗanda ke wurin, don kada wani ya zaci an manta da shi. Akwai ni, Hajara mai daddawa, da kwandona a ka zan tafi kasuwar Dole Kaina. Akwai ɗana Ummaru, mai gyaran rediyo. Akwai abokinsa Idi mai jita, mutumin Dandi daga tsallaken iyaka, ɓangaren Benin. Akwai Na'Allah mai jirgi, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Akwai Dogo, shugaban 'yan bangar da gari ya sa su riƙa duba kayan matafiya. Dogo ba sunansa na yanka ba ne, amma ya san kansa, mutanen gari ma sun san shi. Sauran masu cin kasuwa ne daga ƙauyuka, ban san sunan ko ɗaya ba, fuskokinsu kuwa ban manta ba.

Ni ban yi boko ba, ban kuma yi nisa a allo ba. Ɗiyar ƙanwata, malamar makaranta a Bahindi, ita ke rubuta wannan, na kuma ce mata kada ta sa wa maganata zuma. Abin da ya sa na kai maganar jarida guda ne. Har yau a garinmu akwai masu cewa bom ne a cikin jakar Ummaru. Har yau in yara sun yi faɗa da ɗiyarsa Rabi, abin da suke jifanta da shi ke nan, ɗiyar mai bom. Ina so a san abin da ke cikin jakar nan tun ina da bakin faɗa.

Ummaru ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba yana raye. "Kai" nake ce masa, in ina maganarsa da wasu in ce mai rediyo. Ban taɓa yaba aikinsa a gabansa ba, haka aka tashe mu. Amma rumfarsa tana jingine da dangar gidana, ina kuma da ido. Na ga yadda yake sa ƙarfen liƙi cikin garwashi in babu wuta, ya ɗiga dalma ƙarama kamar ƙwayar gero, ya hura, ya karkata kai yana saurare. Matattun rediyoyi da ake zubarwa daga Geza har Bahindi shi ke kwasowa, ya farke cikinsu, ya ware 'ya'yan cikin a gwangwanaye, kowane iri da gidansa. Duk wanda ya kai hannu kan teburin nan, ko babban mutum ne, sai Ummaru ya zabura ya tare hannun. Tun yana yaro haka yake. Na sha yi masa faɗa a kai, bai bari ba.

Idi ne ya kawo masa maganar akwatin. Ya ce ya ga wani makaɗi a can kudancin ƙasarsu yana taka wani ɗan akwati da ƙafa, sai muryar jita ta riƙa juyawa. Feza suke ce masa. Idi ba shi da halin samun irinsa, sai ya kawo wa Ummaru zane a waya ya ce ko zai iya. Ummaru ya shafe damina guda a kansa. Ni ba na son kiɗi, ban so shi a da ba, yanzu ma ba na so. Amma wata rana da na gaji da ƙarar na tambaye shi me wannan abu ke yi wa sauti har yake fita kamar ana magana cikin rijiya. Ya yi murna da na tambaya, ko da yake bai nuna ba.

Ya ce in ɗauka mata biyu ne ke daka a turmi ɗaya. In taɓarensu na sauka tare, sauti ɗaya ake ji. In ɗaya ta ɗan ja baya, ta kamo, ta sake ja baya, kunne zai ji dakan yana lilo. To akwatin yana raba muryar jita biyu, ya ɗan riƙe ɗaya, sannan ya haɗe su. Abin da ke sa riƙon ya yi ta ƙaruwa yana raguwa wani ɗan ƙwan fitila ne a ciki, yana haske yana dushewa. Kewaye da ƙwan ya dasa wasu 'yan idanu huɗu da ya ciro daga fitilun da ke kunna kansu in magariba ta yi. Ya kifa musu gwangwanin tumatir don kada su ga wani haske sai na ƙwan. Idanun nan da kakin zuma ya kafa su, kowane da inda ya fuskanta, ya ce in aka girgiza akwatin da ƙarfi suka goce, aikin mako ya tafi. Wannan na fahimta sarai. Duk mai daddawa ta san akwai abin da ba ya nuna sai an rufe shi an bar shi a duhu.

Akwatin ya yi aiki, amma Idi bai gamsu ba. Ya ce lilon ya cika sauri, kamar babur a kan gargada, alhali kiɗin Dandi a hankali yake tafiya. Ummaru ya sake buɗewa. Ya cire wani ɗan abu mai kama da ƙaramar ganga, kafasita yake ce masa, ya sa babba da ya ciro daga tsohuwar talabijin, sai numfashin ƙwan ya yi tsawo. Ya ƙara maɓallin murɗawa na rediyo don Idi ya rage ko ya ƙara da kansa. Daga nan Idi ya zo da buƙata ta ƙarshe. Ya ce a filin biki, ga ganguna ga hayaniya, ba ya jin saurin lilon sai ya riga ya fara kiɗi, yana so ya gani da ido. Sai Ummaru ya huda murfin da ƙusa ya dasa wata 'yar jar fitila a waje, mai ƙyaftawa daidai da numfashin ta ciki. Gyaran ke nan. Ba wani abu aka ƙara ba bayan wannan.

Ana gobe tafiya suka gwada shi da la'asar a bakin rumfa, da batir da sifika. Idi ya hango ni ina shanya kalwa ya ce, "Inna, yau kam sai kin taka rawa."

Na ce, "Zan taka, da taɓarya, bisa bayanka."

Suna cikin dariya Dogo ya iso karɓar tocilarsa da ya kawo gyara. Tare suka yi wasan ƙasa da Ummaru, a tukunyata ya sha cin tuwo. Ya tsaya yana kallon jar fitilar ya ce, "Wanga kuma mi ne na, shina ƙyafta ido awa budurwar Dandi?"

Ummaru ya ce, "Taka ka ji, sarkin tsoro. Ba shi cizo."

Dogo ya cire takalmi ya taka makunnin da ƙafarsa. Idi ya ja tsirkiya, sautin ya tafi ya dawo kamar kiran da iska ke ɗaukowa daga tsallaken kogin Kwara. Dogo ya ja da baya yana salati yana dariya, ya sake takawa. Ina tsaye ina gani. Na faɗi wannan dalla-dalla ne saboda abin da zai biyo baya.

A shekarun can ba abin da rediyo ke kawowa sai labarin abubuwan da ke fashewa a tashoshin mota da kasuwanni a can gabas. Mu ba mu taɓa ganin ko ɗaya ba. Abin da matasa suka sani game da bom a finafinan waya suka gani, akwati da wayoyi da jar fitila mai ƙyaftawa. Tsoro ya shiga mutane har ba a barin jakar baƙo a ƙofar masallaci. Shi ya sa aka kafa 'yan banga a mashigi, ban kuma ga laifin kafa su ba.

Da hantsi muka isa bakin ruwa. Ummaru zai raka Idi wani biki a ɓangarensu don ya ji akwatin a fili, ni kuma zan sauka a Dole Kaina. Jirgi ya kusa cika. Wani sabon ɗan banga, wanda bai daɗe da zuwa garin ba, ya zuge jakar Ummaru. Ashe kaya sun danne makunnin a hanya, fitilar na ta ƙyaftawa a tsakiyar wayoyin jita da aka naɗe. Ɗan bangan ya yi kururuwa, ya ɗaga akwatin sama zai buga da ƙasa. Ummaru ya yi abin da ya saba yi duk rayuwarsa, ya zabura da hannu a miƙe don ya tare. Mutanen ƙauye da ba su san shi ba suka ga mutum yana rugawa wajen abin. Ba zan faɗi sauran yadda ya faru ba. Akwai gora, akwai filafilan jirgi, akwai duwatsun bakin ruwa. Idi ya faɗa kansa don ya kare shi, aka karya masa hannun dama. Na'Allah yana ta ihu daga cikin jirgi cewa mai rediyo ne, ba wanda ya ji shi.

Mutum ɗaya ne a wurin da in ya ɗaga murya za a tsaya, don shi ke da usur, shi ake jin maganarsa. Na dubi Dogo, ya dube ni, ya kawar da kai. Bai ɗaga sanda ba, wannan zan shaide shi ko a gaban Allah. Amma bai ce uffan ba. A nan ne na kira sunan ɗana da ƙarfi, karon farko tun da na haife shi. Ban sani ba ko ya ji.

Da ƙura ta lafa, Dogo ya sa doguwar gora ya tura akwatin cikin Kwara, wai kada ya tashi da mutane. Da masu bincike suka zo, ya ce musu shi bai san abin da ke ciki ba, ruwa kuma ya tafi da shi. In ya ce ya sani, sai a tambaye shi me ya sa ya yi shiru, a kuma kama yaransa. Idi baƙo ne, an tsallaka da shi gida da karyayyen hannu, danginsa suka hana shi dawowa. Maganar Na'Allah aka ce ta maƙwabci ce, tawa kuma ta uwa. Haka magana ta tsaya a kan ba a sani ba, kuma a gari irin namu "ba a sani ba" ya isa ya binne mutum sau biyu. Liman ya yi wa Ummaru salla, Allah ya saka masa, amma sahun bai kai na jariri ba. Matarsa ta gama takaba ta koma gidansu a Geza. Ni na riƙe Rabi.

Nakan zauna in ce da zai leƙo yau, me zai ce? Na san zai fara da dariya. Yanzu babu rumfar cajin waya a Bagudo da ba ta cika da jajayen fitilu masu ƙyaftawa ba. Fitilar sola na ƙyaftawa, rediyon mota na ƙyaftawa, har abin wasan yara. Ba wanda ke gudu. An ce ma sautin da ya kashe damina yana nema, yanzu yaro na fitar da shi daga waya da ɗan yatsa. Ina jin wannan ba zai ɓata masa rai ba. Zai karɓi wayar ya juya ta, ya nemi inda ake buɗewa.

Abin da ba zai yi wa dariya ba shi ne sauran. Abin da muke tsoro a lokacin daga nesa yake, bai kuma zo ta jakar kowa ba. Wanda ya zo daga baya a kan babura ya zo, da rana tsaka, da makamai a fili ba a cikin jaka ba. Manoma na barin gonakin da ke nesa da gari, Fulanin da muke sayen nono wurinsu wasu sun tashi ba sallama. Iyaka a rufe ta, a buɗe ta, a sake rufewa, masu jirgi na bin ta inda ba a gani. Waɗannan masu babura ban taɓa jin an ce wani ɗan banga ya zuge musu jaka ba. Jarumtar da aka nuna a kan mai gyaran rediyo ban sake ganin irinta ba. Da Ummaru na nan, ba zai faɗi haka ba, shi ba mai dogon zance ba ne. Ni ce mai faɗa.

Kwanan nan, ana shirin tashin maniyyata, Dogo ya yi sallama a gidana bayan la'asar. Ya samu kujerar Makka. Kowa ya san al'ada, mai tafiya aikin Hajji yakan bi gida gida yana neman gafara, don ba a son a tsaya a Arfa da haƙƙin wani a wuya. Ya yi furfura, ya yi ƙiba. Ya durƙusa nesa da tabarmata, ya ajiye ƙunshin goro a ganye.

Ya ce, "Inna, na taho sallama. Abin da duk na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba, ki gafarta mini."

Na ce, "Wanda ba ka sani ba na yafe. Wanda ka sani, faɗe shi in ji."

Ya yi ta murza hularsa. Can ya ce, "Inna, kin sani, na sani. Tsoro ne. Kuma wanda ya tafi ya tafi."

Na ce, "Ɗiyatai ba ta tafi ba, ga ta can tana wanke-wanke. Mi ne na cikin jakar?"

Ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Abin kiɗi ne."

Na ce masa ni ba ni ce ke buƙatar ji ba, da idona na ga ƙafarsa a kai. A gaban jama'a aka yi, a gaban jama'a za a warware. Ya ce in duba girman Allah, yana da iyali, yaran da ke tare da shi a lokacin yanzu magidanta ne, tayar da maganar zai jawo abin da ba a so. Ya ce in ya isa zai yi wa Ummaru ɗawafi, zai roƙa masa a gaban Ka'aba. Na ce ya kyauta, Ummaru na buƙatar addu'a, amma Rabi ba a Makka take zaune ba. Ya tashi ya tafi ya bar goron. Ya san in na kwance ƙunshin na raba wa maƙwabta, shi ke nan na karɓa na yafe.

Bayan fitarsa na daɗe a tabarma ina auna abin da ya rage na ɗana. Akwatin yana ƙarƙashin ruwa. Rumfar ta faɗi, gwangwanayen tsatsa ta cinye. Idi, an ce, hannun ya ɗoru a karkace, yanzu kifi yake saye yana sayarwa. Akwai tsofaffin rediyoyi a Geza da har yanzu ke magana saboda dalmarsa, masu su wasu na faɗa, wasu na jin nauyin faɗa. Akwai kiɗin gwajin ranar nan da wani ya ɗauka a waya, ya yi ta yawo daga kati zuwa kati, har yau nakan ji shi yana fitowa daga shagunan kasuwa, masu saurare ba su san daga ina lilon ya fito ba. Akwai Rabi, wadda in aka taɓa mata kaya takan zabura ta tare hannu kamar ubanta. Duk waɗannan sun rage. Amma mutum in ya mutu, abin da ake kiransa da shi ne ke zama a gari, kuma wannan har yanzu yana bakin Dogo, bai sake shi ba. Ni na tsufa. In na tafi kafin ya faɗa, in shi ma bai dawo ba, babu sauran wanda ya ga ƙafar nan a kan makunnin a garin nan.

Washegari da sassafe na yafa mayafi na ɗauki ƙunshin goron yadda yake, na taka har tasha. Motar maniyyata na shirin tashi zuwa Birnin Kebbi, 'yan rakiya sun cika wurin, ana ta rungume-rungume da addu'a. Na ratsa su har bakin motar. Dogo na gaba kusa da direba, cikin farar riga. Na miƙa masa ƙunshin ta taga.

Na ce, "Ka mance kayanka. Ga jama'a ta taru, ba sai an yi shela ba. Mi ne na cikin jakar Ummaru?"

Ya dubi ƙunshin, ya dubi 'ya'yansa da ke tsaye. Leɓensa ya motsa, ya faɗi gaskiyar ƙasa ƙasa. Direba ya ji, wani tsoho da ke jingine da ƙofa ya ji, na ga ya ɗago kai.

Na ce, "Kunnena ya yi nauyi, Dogo. Ɗaga murya."

Bai ɗaga ba. Wani daga baya ya ce a bar maniyyaci ya tafi da farin zuciya, wani ya ce a'a, a bar tsohuwa ta yi maganarta. Direba ya tayar da mota.

Na dafa tagar na ce, "Allah shi kai ka lafiya, shi maido ka lafiya. Da gaske nike roƙon wanga, ba wanda ya kai ni son ka dawo. Mashigin na nan, ranar kasuwa na nan, ni ma in da rai ina nan."

Na saki tagar, motar ta wuce. Tsohon da ya ji ya zo kusa da ni zai yi magana, na ce masa ba ni zai gaya wa ba, ya juya ya gaya wa na bayansa. Na tsaya har na ga ya juya, sannan na kama hanyar gida.